Daga Dakoro zuwa Danja: magani ya samu, saura hanya

 

Tsakanin Dakoro da Maraɗi akwai kilomita fiye da 100. Daga Maraɗi zuwa Danja kuma wajen 15 ne, bisa hanyar da ta nufi Ɗan Isa da iyakar Najeriya. Ga mai lafiya da kuɗin mota a hannu, tafiyar wuni guda ce. Ga macen da ke yoyon fitsari, ko wadda ƙafafunta ba su ɗaukarta, wannan tafiya tana iya cin shekaru ba a yi ta ba. Mu mun yi ta bayan girbi, mu biyar, kuma abin da muka gano ya shafi akwatin kowace ƙungiya.

Cikinmu akwai shugabanni biyu, da ma'ajiya guda, da mai riƙe mana littafin lissafi, wadda shan inna ya kama tun tana ƴar shekara uku, da keken hannu take yawo. Ta biyar ɗiya ce ƴar shekara 19, ɗiyar ƙanwar wata mai zubi a cikinmu, ita muka raka. Ba za mu faɗi sunanta ko na garinsu ba, ya isa a ce can arewa ne, wajen kwarin Tarka. Ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, kafin a samu amalanke a kai ta likita ɗan ya riga ya koma. Tun daga ranar fitsari bai tsaya mata ba. Shekara biyu ta yi a wata ƴar bukka bayan gida, ba biki, ba kasuwa, ba rijiya.

A tasha

Mun isa tasha da asuba. Matsalar farko ita ce keke. Yaron mota ya ɗaga shi ya ɗora bisa kaya, ya ce sai an biya masa kuɗinsa daban, kamar buhun wake. Mai littafinmu ta dube shi ta ce: “Ƙanena, kai da ka shigo motar nan an karɓi kuɗin ƙafafunka daban? To wannan keke shi ne ƙafafuna.” Wani dattijo da ke gaba ya sa baki, aka sasanta a kan rabi. Sannan sai da mutum biyu suka ɗauke ta kafin ta hau, don matakin motar ya yi mata tsawo.

Ɗiyar kuwa ta naɗe jikinta da tsummoki da leda, kuma tun daren jiya ba ta sa ruwa a baki ba, tsoron kada ta jiƙa kujera. Mun biya mata wuri biyu kusa da taga, ma'ajiya ta zauna gefenta ta tare ta. A can Danja aka bayyana mana cewa ƙin shan ruwa ƙara wari yake yi, yana kuma cin fata. Mai wannan ciwo ruwa da yawa ya kamata ta sha. Amma wa zai iya haka cikin mota cike da maza?

Bisa hanya

Kwalta ta miƙe kudu, ta bi ta Kornaka har Tibiri. Gonaki sun zama kara, rumbuna sun sha sabon jinka, gawo ya fara fitar da ganye kamar yadda ya saba idan damina ta wuce. Garkunan Fulani da raƙuman Buzaye suna gangarowa cin kara. Motar tana gudu, cikin awa kaɗan an ci tafiyar da kakanninmu ke yi kwana da kwanaki a kan jaki.

Sai dai ku lura da ƴan hanyoyin rairayi da ke ɓullewa daga kwalta dama da hagu. Kowace tana kaiwa wani ƙauye ko wata ruga, wata kilomita 10, wata 40. Gwamnati ta yafe kuɗin fiɗar haihuwa da na jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 tun shekarun 2005 da 2006, kuma wannan babban abu ne. To amma tsakanin ɗakin mace da wannan kwalta akwai jigawa, da dare, da mai gida da ya tafi ci-rani, da kuɗin kabu-kabu da ba a tanada ba. A nan ne mafi yawan ɓarna ke faruwa, tun likita bai ga fuskar mace ba.

Da muka tsaya a Kornaka, yara masu talla suka yanyame motar. Mai littafi ta ce: “Ku duba ƙafafunsu.” Muka duba, duk garas. Ta ce lokacin da take ƙarama da wuya ka shiga gari babu yaron da ke jan gindi, yau kuwa masu keke irin nata mafi yawa manya ne. Ɗigo biyu a bakin yaro ne ya kawo wannan. An samo allurar rigakafin shan inna a Amurka a 1955, na ɗigawa a baki ya biyo baya farkon shekarun 1960, amma sai da aka daɗe kafin ya iso ƙauyukanmu. Maganin ba ya son zafi, dole sai da firijo da akwatin ƙanƙara, da mutanen da za su bi gida gida. Ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ainihin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka. Har yanzu ana zagayawa da ɗigo, domin akwai wani nau'in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba. Mai littafi ta ce ita dai duk gidan da ta ji ana ɓoye yara, da kekenta take zuwa, ba ta cewa komai, ta tsaya a ƙofa su gan ta.

A Maraɗi

Mun tsallake Tibiri muka shiga Maraɗi da hantsi. Da aka sauke keke bisa kwalta sai ya zama wani abu daban. A Dakoro kullum sai an tura ta, don siririyar taya nutsewa take cikin rairayi. Nan kuwa ta murza da hannu ta wuce mu, mu ke cewa ta jira. Irin wannan keke mai taya uku masu walda ne ke haɗa shi da bututun ƙarfe da kayan keken hawa, sarƙar da ake takawa da ƙafa a mayar da ita sama wajen hannu. A Kano ma akwai ƙungiyar waɗanda shan inna ya kama da suka mayar da ƙera shi sana'arsu. Ba ya cin mai, kuma duk mai gyaran keke yana iya gyara shi.

Murnar ba ta daɗe ba. Mun je karɓar kuɗin da aka aiko mana a wani shago, ga matakala uku a ƙofa. Kuɗin da sunanta aka aiko, amma tana waje cikin rana, sai katinta ne ya shiga. Da ta nemi kewayawa, ƙofar ban ɗakin da aka nuna mana ba ta shigar da keke, sai da ta sauka ta ja jiki a ƙasa mai ruwa. Wannan ba sai an kawo injin daga Turai ba. Buhun siminti ɗaya ko biyu ya isa a yi gangare a ƙofa, faɗaɗa ƙofa kuma aikin magini ne na wuni guda. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu tun 2008, saboda haka mai neman gangare ba alfarma take roƙo ba.

A garin kuma akwai asibitin ido na Makka, inda ake cire yanar ido. Tsofaffi nawa ne a gidajenmu ake ja da sanda, an ce tsufa ne, alhali aikin da bai kai awa guda ba zai iya dawo musu da gani?

Danja

Danja ƙauye ne cikin ƙaramar hukumar Jiratawa. Ƴan mishan na SIM ne suka kafa gidan jinyar kutare a nan a 1956, lokacin da kuturta ke raba mutum da danginsa har abada. Yau wurin asibiti ne da ke karɓar kowa, ga itatuwa da inuwa, mutane zaune bisa tabarmi suna jiran layi.

Abin da muka koya a kan kuturta ya kamata kowace mace ta sani. Ba gado ba ce, ba cin wani abinci ke kawo ta ba. Ƙwayar cuta ce, wani likitan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ta a 1873. Alamarta ta farko wani tabo ne a fata da ya fi sauran jiki haske, kuma idan an taɓa shi ba a ji. Maganinta haɗin ƙwayoyi ne da ake sha wata 6 ko wata 12, kuma kyauta ne a duniya duka tun 1995. Wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. Yatsu kuwa ba cutar ke gutsure su kai tsaye ba. Jijiya ce ke mutuwa, sai mace ta ɗauki tukunya mai zafi ba ta ji ba, ko ƙaya ta shige ta a ƙafa ta yi ta tafiya a kai, gyambo ya ci wurin. Shi ya sa takalmi mai taushin ciki da tsumman ɗaukar tukunya suke cikin magani. Wanda ya zo tun yana da tabo kawai, zai warke da yatsunsa goma.

A cikin wannan fili ne aka buɗe asibitin yoyon fitsari a watan Fabrairu 2012. Abin mamaki, haka ya faru a Katsina: asibitin Babbar Ruga na kutare ne tun farko, wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta, ya tarar da matan da ke yoyo ba mai kula da su, ya mayar da ɗinkinsu aikin rayuwarsa. Kamar wurin da ya saba karɓar wanda aka gudu, shi ya fi saurin buɗe ƙofa ga wani.

Wata ma'aikaciya ta zaunar da mu ta bayyana mana yadda ciwon ke samuwa. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan ɗa yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, ya matse shi da ƙashin ƙugu. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan ƴan kwanaki ya zube ya bar rami. Wani lokaci matsin yana taɓa jijiyar ƙafa, mace ta tashi tana jan ƙafa ɗaya. Yankan gishiri ma yana kawo shi. Ba iska ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma hukuncin wani laifi ba ne. Yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba ta fi shiga haɗari, amma har mai haihuwa ta takwas yana iya samu.

Ga abin da ya fi tsaya mana a rai. Idan mace ta fara yoyo bayan haihuwa aka kai ta da wuri, cikin makonnin farko, akan sa mata robar fitsari ta zauna da ita makonni, ƙaramin rami ya rufe da kansa ba tare da an yi fiɗa ba. Ƴar roba da ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba. Wadda ta daɗe kuwa sai ɗinki. Mafi yawa suna warkewa, wasu sai an sake aiki, wasu kaɗan ciwon ya yi nisa. Bayan aiki ana barin roba wajen mako biyu, mace ta yi watanni ba ta koma shimfiɗar miji ba, kuma duk cikin da ta sake samu a asibiti za ta haife shi.

Da muka shiga wurin da matan ke zama, muka tarar da Hausawa, Fulani, Buzaye, wasu da bokitin roba a hannu, suna saƙa, suna ɗinki, wasu suna koyon baƙi kamar yadda muka koya a yaƙi da jahilci. Ɗiyarmu ta tsaya a ƙofa ta ce: “Inna, duk waɗannan irin ciwona gare su?” Shekara biyu tana tsammanin ita kaɗai ce a duniya. Wata ta matsa mata wuri bisa tabarma, ta miƙa mata kofin ruwa, ta shanye.

Hirar dare

Mun kwana a Maraɗi gidan ƴan uwa. Bayan isha hira ta kai mu ga tambaya: cikin abubuwan da zamani ya kawo, wanne ya fi?

Ma'ajiya ta ce salula, don makauniya da wadda ba ta yi karatu ba duk suna aika saƙon murya, kuma da ita ake kiran mota cikin dare. Ɗaya shugabar ta ce ɗan zaren awon dantse mai kore da rawaya da ja, wanda uwa ke gane tamowa da shi a gida, da ƙullin gyaɗar nan na leda da ake ba yara. Mu ƴan Dakoro da muka ga yunwar 2005 mun san rayukan da ya tsamo, kuma yanzu a Yamai ma ana yin sa. Aka tuna da allurar sanƙarau da aka fara a Nijar a 2010, da kurkunu da ke kwantar da manoma tsakiyar damina, wanda aka tabbatar ya ƙare a ƙasarmu a 2013, da ƙyallen tace ruwa da rijiyoyin burtsatse aka ci shi. A farkon 2025 kuma Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa.

Mai littafi ta bari muka gama, sannan ta ce: “Lokacin da shan inna ya kama ni, an fi shekara ashirin da samo maganinsa. Yana can, ni ina nan.”

Ba wadda ta ƙara magana. Duk abubuwan da muka lissafa ƙanana ne, masu araha: ɗigo, roba, zare, ƙyalle, takalmi, gangare. Ba wanda ya amfani kowa sai ranar da ya isa hannun mai buƙata. Masu ilimi sun yi nasu, sun samo. Abin da ke tsakanin magani da mace, wato kuɗin mota, da abokiyar tafiya, da mai cewa tashi mu je, wannan ba likita zai yi shi ba.

Kuma kada mu raina kanmu. Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, a ƙauyuka irin su Kagadama. Akwatin ƙarfe da ƴan kwado, da zubin mako, da bashi mai dawowa. Yau ana yin irinsa a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya. Shi ma dubara ce ta zamani, kuma tamu ce.

Abin da muka kawo muku

Bayan mako shida ɗiyar ta dawo. Ta zauna bisa tabarmar taro daga farko har ƙarshe, ta tashi tabarma a bushe. An faɗa mata ranar komawa a duba ta, kuɗin motar kuma mun riga mun ware. Ta fara zubin dala goma.

Ga shawarwarin da ƙungiyarmu ta ɗauka, muna roƙon kowace ƙungiya ta tattauna su:

Na ɗaya, asusun hanya. Ban da zubi da asusun taimako, kowace mace ta riƙa sa dala 10 a mako. Mata 30 cikin mako 52 sun tara jaka 78. Ba a ba da shi bashi, ba a taɓa shi don biki ko suna. Na naƙuda ne, da kai mara lafiya, da kuɗin mai rakiya.

Na biyu, kowace mai ciki a cikinmu ta san tun wata na bakwai wa zai ɗauke ta. A rubuta lambar mai kabu-kabu biyu da mai amalanke guda a bayan littafin ƙungiya, a kuma samu iznin mai gida tun kafin ya tafi ci-rani. Rana kada ta fito sau biyu a kan mace tana naƙuda.

Na uku, wurin taro. Idan akwai wadda ba ta iya tsallake dokin ƙofa ko rairayin lungu, taro ya koma gidanta. Makauniya a faɗa mata lissafi da baki, kurma a nuna mata da yatsu da tsakuwa. Su shigo da zubinsu da ƙuri'arsu kamar kowa, a ba su bashi kamar kowa. Mai littafinmu da bashin asusu ta sayi keken ɗinki na hannu, ba ta taɓa makara da biya ba.

Na huɗu, shugabanni mu haɗu mu je wajen magajin gari da kwamitin likita, mu nemi duk ginin da za a yi, aji ne ko ɗakin haihuwa ko ban ɗakin kasuwa, a yi masa gangare da ƙofa mai faɗi tun daga tushe.

Na biyar, mu nemi waɗanda aka ɓoye. Kowace a cikinmu ta san wata da ta daina fita tun haihuwarta, ko mai tabon da take rufewa da mayafi. A je mata cikin sirri, mace ɗaya ko biyu, ba a gaban kishiya ko suruka ba. A ce mata ciwon yana da suna, yana da magani, kuma ba ita kaɗai za ta shiga mota ba. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

Ƙungiyar da ta riga ta gwada wani abu irin wannan ta aiko mana da labari, mu sa shi a fitowa ta gaba, don mu koya daga juna. Wadda ke da mara lafiya kuma ba ta san ta inda za ta fara ba, ta fara da likitar da ta fi kusa da ita, su za su ba ta takardar wucewa gaba.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya sa albarka a asusunmu. Amin.